Injuna Uku, Duk Sunansu Baba

Ana idar da sallar asuba muka bar Talata Mafara, ni da yayana a kan babur, jakar wayoyi a bayana, barci cike da idona. Ga abin da ya raba ni da shimfiɗa. Kawunmu yana da injuna a wuri uku: na niƙa a nan Mafara, na casar shinkafa a Bakura, na matsar man gyaɗa a Maradun. Yayana, da ya karanta lantarki, ya maƙala wa kowanne ɗan akwati don su riƙa magana da juna. Wai da dannawa ɗaya a wayarsa, injin casa ya gama, na awo ya karɓa, na ɗinkin buhu ya rufe baki. In aiki ya sauya daga shinkafa zuwa gero, su sake jeri da kansu. To, tunda aka haɗa su suka haukace. Kawu ya rantse in ba su shiryu ba kafin ranar kasuwar Maradun, zai ɓalle akwatunan ya watsa a rijiya, yayana ya koma dakon buhu. Ni kuma in koma aikina na hutu, gudu tsakanin injuna ina ihun a kashe, a kunna.

Hanyar Bakura tana da ramukan da in ka faɗa ɗaya sai an jefa maka guga. Shinkafa kuwa kore shar dama da hagu. Mun tsaya wajen mai ƙosai, na ga ƙosan ya rame har sai da na yi masa sannu, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba.

A Bakura mai kula da inji ya gaishe mu. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi Kawu, ya tambayi gajiyar Kawu. Kafin ya gama, na tabbata gemu ya fara fito mini. Yayana ya danna wayarsa don injin casa ya tashi. Shiru. Ya sake dannawa. Ko tari injin bai yi ba. Sai ga kira daga Maradun, mutum yana haki: "Ku taho! Baba ya tashi da kainai, ba wanda ya taɓa shi! Yara duk sun watse!"

Haka muka sake hawa babur, rana ta fara dukan ƙeya. Ƙuguna ya mutu tun kafin rabin hanya, na bar shi can. Mun wuce amalanken shanu ɗauke da gyaɗa daga Dosara, duk wajen injin Kawu za su, yayana na ganinsu ya ƙara wuta. A bakin gari wata Bafulatana ta dama mana fura da nono mai sanyi, ita kaɗai ce ba ta ɓata mini rai ba a ranar.

Mun tarar da ma'aikatan Maradun a gindin bishiya, nesa da inji, ɗaya har da tasbaha. Yayana ya buɗe akwatin, ya duba waya, ya gwada fis, ya zagi sabis, ya haɗa gumi. Ni ina riƙe masa wayarsa ta hannu sai idona ya faɗa kan sunan injin a cikinta: Baba. Na ja sama, na Bakura ma Baba. Na Mafara, Baba. Ashe Kawu ne ya ce a sa wa kowane babban inji sunan marigayi mahaifinsa don albarka, ma'aikata kuma kunya ta hana su rubuta sunan tsoho ƙarara, suka sa Baba.

Wannan ciwon na san shi, don ni ma sunan kakanmu gare ni, mu uku ne a gida. In Kawu ya ƙwala "Baba!", ko mu zo mu duka, ko kowa ya lafe ya ce ba da shi ake ba. Abin da injunan ke yi ke nan.

Muka juyo Mafara kafin la'asar. Yayana ya ce a ba su lamba, ɗaya, biyu, uku. Kawu ya zare ido: "Ubana za ka mayar lamba, kamar motar haya?" Na ga rijiya na matsowa, na ce, "Kawu, a yi musu irin namu mana. Baban Gida, Baba Dogo, Baba Ƙarami." Ya daɗe yana hararata, sannan ya ce na Maradun ne Dogo.

Aka sauya, aka danna. Baban Gida, na nan Mafara, ya tashi shi kaɗai. Daga Maradun aka bugo cewa Dogo yana fitar da mai lafiya, yara sun dawo. Yayana ya zauna a kan buhu yana dariya kamar zai yi kuka.

Abin da na koyo shi ne, inji ma sai ya san da shi ake kafin ya amsa. Na kwanta ina murnar na huta da gudu. Da safe Kawu ya miƙo mini tsintsiya, ya ce ita ba a yi mata akwati ba tukuna. Na waiga neman sauran Baba biyun. Sun lafe.