Jan Ɗigon da Ridwan Ba Ya Gani

Ridwan ɗan ƙanena Taufiƙ ne, tela a babbar kasuwar Garuwa. Ni na yi masa wankan farko, ni kuma na fara gane abin da ke idonsa, yana ɗan shekara tara. Na aike shi bayan gida ya tsinko mini barkonon da ya nuna, ya dawo da ƙwarya cike da ɗanye da nunanne a gauraye, yana murmushi kamar ya yi abin kirki. Ban zage shi ba, ko da yake shiru ba halina ba ne. Na ɗauko zare biyu, ja da kore, na ce ya miƙo mini jan. Yaron bai kalli zaren ba, fuskata ya tsura wa ido yana neman amsar a can.

Na gaya wa ubansa. Na ce irin na kawun yaron ne na Maiganga, wanda ya taɓa sayen jan sa ya koro shi gida yana ce wa mutane baƙi ne. Taufiƙ ya ce in rufe bakina kada in ja wa ɗansa suna, lalaci ne kawai, lalaci kuwa bulala ke maganinsa. Shekara shida yaron ya yi a shagon yana shan maganin. Ranar da ya bi jan leshin wata Hajiya da koren zare tun daga wuya har ƙasa, ranar ya bar keken ɗinki. Ya koma tuƙin moto, wato babur na haya, yana ɗaukar mutane daga kasuwa zuwa bakin gada. Fitilar hanya ya haddace ta da mazauninta: ta sama tsaya, ta ƙasa wuce. Bai taɓa kaɗe ko kaza ba. Ya yi aure, ya haifi ’ya mace, har gidaje uku suka amince masa da kai yaransu makaranta kowace safiya. Duk garin nan, ban da ubansa da ya ƙi yarda, daga ni sai shi muka san maganar, mu ma ba mu taɓa yin ta da baki ba. In ya zo shan zoɓo wurina, ina ɗaura roba a wuyan gorar don kada ya ɗauki ta tsamiya a gaban mutane.

Zoɓon nawa a ƙofar Madam Simone nake sayar da shi, shekara huɗu ke nan. Ɗakin wasa gare ta, kwamfuta goma sha biyu, inda ƙarti masu gemu ke zama su toshe kunnuwa suna harbin juna a cikin gilashi. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne. Har yanzu ban sake ra’ayi duka ba, amma wanda ya zauna a ƙofa shekara huɗu ko kurma ne zai tsinci wani abu. Biyar-biyar ake yi. A tsakiyar gilashin kowa akwai wata ’yar alama, alamar saiti, duk inda ta sauka nan harsashi ke zuwa. Kuma ba ɗaya ba ce ga kowa, kowane mutum yana yanka tasa daidai idonsa, kamar yadda tela ke yanka riga.

Ta Ridwan wata uku ya yi yana gyara ta, ina kallo ta taga. Ya mai da ita ruwan ɗorawa. Ya ba ta hannuwa huɗu gajeru, ya bar rami a tsakiya wanda bai fi ƙwayar riɗi ba, sannan ya zagaye ta da baƙin layi siriri kamar kwalli. Yau ya ƙara kauri, gobe ya rage. Ɗan tela dai, ko ya ƙi ko ya so. Ranar da ta zauna masa, sai ɗakin ya fara tsayawa a bayansa ana kallo. A can na fara jin an kira ɗan Taufiƙ gwani, yana da shekara ashirin da tara, kuma na ga yadda ya sunkuyar da kai don bai san inda ake ajiye irin wannan kalmar ba.

Sai aka sa gasa. Ƙungiyar da ta ci a arewa za ta hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Shugaban su Ridwan wani Thierry ne, akawu a kamfanin auduga, mutum mai son tsari har a numfashi. Ya raɗa wa ƙungiyar suna Barkono, ya ce za a yi anko: jar riga, jar hula, jan ƙyalle a wuyan hannu. Wannan ba laifi, garin nan ko suna za a yi sai an fitar da anko. Amma da ya ji cewa za a haska wasan a bango don ’yan kallo, sai ya zo da wasu lambobi a takarda ya raba, ya ce kowa ya shigar. Alamar kowa ta koma jan ɗigo guda, iri ɗaya, don duk wanda ya kalli bango ya san Barkono ne ke harbi. Anko a jiki na sani, anko a ido kuwa sai a wurin Thierry.

Ridwan ya karɓi takardar, ya shigar.

Garin cikin gilashin da ake yaƙin a cikinsa duk bangon ƙasa ne da ciyawa. Jan ɗigo a kan wannan, a idon Ridwan, kamar a jefa ƙwayar dawa cikin rumbu ne a ce ka nemo ta. Mako guda yana harbin iska. Mutum na tsaye a gabansa, shi yana ɓarin harsashi a gefen kunnensa. Akwai mutum na shida a ƙungiyar, Hamadu, mai jiran gado, wanda ke zama a baya yana shan zoɓona yana cewa ai ’yan moto an san su da ƙwaya, hannun da ya saba da tiramol dole wata rana ya yi rawa. Na ce masa hannun da bai taɓa yin aiki ba shi ne ba ya rawa, ya ajiye mini gorata. Amma maganar ta riga ta shiga ɗaki. Ran Alhamis Thierry ya yanke hukunci a gaban kowa: in rabin farko na wasan Asabar ya tafi haka, Hamadu zai hau kujerar, kuma shi zai je Yawunde.

Da la’asar na tare Ridwan yana tayar da moto. Na ce ya faɗa wa Thierry gaskiya, kalma biyar ce.

“Gwaggo Hajjo, in na faɗa a ɗakin nan, kafin magariba ta kai gindin darbejiyar da muke tsayawa da moto. Wace uwa za ta ɗora ɗanta a bayan wanda aka ce ba ya ganin jar wuta?”

“To ka fi so a ce kana shan ƙwaya?”

Ya ce mashayi dai ana cewa zai daina. Ya ja moto ya tafi, ya bar ni da hayaƙi.

Asabar bayan azahar ɗakin ya cika har ana leƙe ta taga. ’Yan Marwa ne abokan karawar, samarin unguwar Dugoi, masu surutu kamar an kunna rediyo. Wanda ya fara cin zagaye goma sha uku shi ya yi nasara. Ban iya karatu ba, amma na iya karanta ƙeya, kuma ƙeyar Ridwan ta jiƙe tun zagaye na biyu. Duk sanda aka haska gilashinsa a bango, ni da tsohon idona ina ganin jan ɗigon sarai, ina ganin yadda yake lalube da shi kamar mai neman ƙofa a duhu. Sau biyu ya rage shi kaɗai da mutum ɗaya, sau biyu aka kashe shi yana harbin bango. ’Yan Dugoi suka fara yi masa godiya da Fulatanci. Aka tafi hutun rabin lokaci Barkono na da uku, su suna da tara.

Minti uku ne hutun, Madam Simone ke riƙe da agogo. Thierry ya cire abin kunnensa, bai ko dubi Ridwan ba, ya ɗaga wa Hamadu yatsa. Hamadu ya miƙe yana gyara jar hularsa.

Na shiga wurin Ridwan da gora biyu, ta zoɓo da ta tsamiya. Na cire robar a gabansa, yana gani, na sa ta a bakin zanina, na ajiye gorunan a kan teburinsa. Na ce a hankali, yadda shi da Thierry kaɗai za su ji, “Ɗauki zoɓon ka sha, ɗana.”

Ya ɗago ya kalli fuskata, irin kallon nan na shekara ashirin da suka wuce. Na kau da kai na kalli bango. Allah ya sani, in ya zaɓi yin shiru na tozarta shi a banza, kuma ba zai sake zama a tabarmata ba. Hamadu ya riga ya ɗora hannu a bayan kujerar. Madam Simone ta ce saura minti biyu.

Ridwan ya miƙe tsaye. Ya fuskanci Thierry, wanda suke ce wa Shef, wato shugaba. Bai rage murya ba, wannan ne ya ba ni mamaki.

“Shef, ban san wanne ne zoɓo a nan ba. Ja da kore da ruwan ƙasa duk ɗaya suke mini, tun ina yaro. Ɗigon nan naka ban gan shi ba ko sau ɗaya.”

Duk ɗakin aka juyo ana kallonsa. Wani daga taga ya yi dariya, wani ya ce ashe makaho ke ɗaukar mutane a garin nan, kuma na gane muryar, ɗan moto ne. Thierry ya yo kansa. Ya fara faɗa da Faransanci, ya ga ba zai ishe shi ba, ya koma gurguwar Hausarsa, yana tambaya ko saboda wannan ne aka yi mako guda ana binne su. Hamadu ya ce magana magana ce, an ce rabin farko. Thierry ya kalli Hamadu, ya kalli takardar lambobinsa da ke manne a jikin kwamfuta, ya ɓalle ta ya dunƙule. Ya ce wa Ridwan ya zauna, zagaye uku ya ba shi, in bai ga canji ba ko a Yawunde aka haife shi ba zai je ba.

Saura minti ɗaya, kuma na’urar tana haska gilashinsa a bango, mutum sittin na kallo. Ridwan ya shiga dawo da tsohuwar alamarsa, garin sauri har ya wuce launin ya dawo. Ɗorawa. Ya ja hannuwa huɗun, suka yi tsawo, ya rage. Ya buɗe ramin tsakiya, ya yi faɗi kamar ƙwayar wake, ya matse shi. ’Yan Dugoi suna ƙirga masa daƙiƙa da ƙarfi. Baƙin layin ne ya tsaya masa, ya manta inda ake sa shi, yana hawa yana sauka a cikin rubutun. Madam Simone ta ɗaga hannu za ta tafa, sai ga kwallin ya zagaye alamar.

Zagayen farko an kashe shi kafin ya yi harbi ko ɗaya. Hamadu ya yi tari. Na biyu ya laɓe a bayan wata ƙofa har na ɗauka tsoro ne, sai mutum uku suka shigo a jere, na ji tas, tas, tas, kowanne a goshi. Babu wanda ya yi ihu sai Thierry, shi ma ƙasa-ƙasa. Daga nan ban sake zama ba, ƙanƙarata ta narke a kula ban sani ba. Sun kai goma sha ɗaya da goma sha ɗaya. An tashi Barkono na da goma sha uku, kuma Hamadu yana tsaye inda yake tun ɗazu, hannunsa a aljihu.

Maganar ta kai gindin darbejiya kafin magariba, kamar yadda ya ce. Gida ɗaya cikin ukun ya janye yaransa, har yau bai mayar ba. ’Yan moto suka laƙaba masa Ɗorawa, ya yi fushi kwana biyu, sannan ya sa aka rubuta sunan a bayan moton. Yawunde kuwa sun je, a rana ta biyu aka koro su, amma da Ridwan a kujerarsa, mutum huɗu da jan ɗigo, shi da nasa.

Ranar da za su tafi Taufiƙ ya aiko masa da jar rigar ƙungiyar, wadda ya karɓa wai zai rage mata hannu. A cikin wuyanta, inda ba mai gani sai mai sawa, ya yi ’yar alama da zare ruwan ɗorawa don a bambanta ta da sauran riguna. Bai aiko da wata magana ba. Na ce wa ƙanen nawa shekara ashirin ya yi kafin ya zura wannan allurar, ya ce in rufe bakina.