Isaka Mai Kama Iska

Isaka mutumin Filinge ne. Fari ya cinye gonarsa, matarsa Zinariya ta rasu a shekarar, sai ya gangaro Yamai da tabarma da buta. Ya sami ɗaki a unguwar Gamkalley, bayan lambuna. Da rana yakan ci abinci a rumfar Hajjo mai tuwo, shi da masu lambu, hannu cikin kwano ɗaya. Wannan kwanon kaɗai ne danginsa a garin, kuma ya san haka.

Aikinsa shara ne a wani biro, wato ofishin gwamnati, a unguwar Plateau. Cikin zafin bazarar 1986 rediyo ya ce wata tashar wutar lantarki ta fashe can ƙasar Turawa, gubarta tana tafiya bisa iska. Sai aka kafa wata na'ura mai zuƙar iska a saman biron. Shugabansa, Mushe (wato Malam) Hamidu, ya koya masa cire farin ƙyallen da ke tace ta kowace safiya, ya naɗe a kai awo. Ya kuma ja masa kunne: zamanin soja ne, ban da surutu.

To Isaka dai bai taɓa riƙe aikin da ya fi tsintsiya ba, bakinsa ya yi ta ƙaiƙayi. Da Mumuni mai lambu ya tambaye shi me yake yi a saman bene kullum, ya gyara zama.

"Iska nake kamawa," in ji shi.

Mumuni Bazabarme ne, a kasuwa ya koyi Hausa, kuma iskar da ya sani ana kamawa ita ce ta masu bori. Kafin la'asar unguwa ta ji cewa Isaka yana kama wa gwamnati aljannu yana naɗewa a ƙyalle. Ya so ya warware, amma warwarewar sai da maganar guba, wadda ta fi muni, ga kuma kashedin Hamidu.

Washegari Hajjo ta zuba masa tuwonsa daban, cikin kwanon da ta ɗiga wa jan fenti. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ma ƙaruwa ta yi, daga nesa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya riƙa jan aiki a saman bene don kada ya sauko. Daga can yakan zura wa kogin garin ido, duk ya ja baya sai rairayi.

Da damina ta faɗi, Hamidu ya ce awo bai nuna abin tsoro ba, za a kwance na'urar, kuma yanzu ya faɗa wa wanda ya ga dama. Isaka ya nufi rumfa kamar zai tashi sama, ya zayyana musu komai.

"Inna Hajjo, an duba sarai, ba a ga komai ba."

Ta dube shi da tausayi na gaskiya.

"Ai dama ba a ganin su, Isaka."

Ta miƙa hannu bayan tukunya ta ɗauko kwano mai jan fenti.