Mutuwar da Lou Desheng Bai Samu Ba

Shekara ashirin da shida Lou Desheng ya yi yana mutuwa a garin 'yan fim. An soke shi da mashi, an harbe shi da kibiya, an jefo shi daga kan ganuwa. Duk wanda ya san sana'ar ya san babu mai faɗowa daga doki kamarsa. Sai ya saki linzami, ya karkace, ya zube tim, dokin ya wuce bai taka shi ba. Amma fuskarsa ba ta taɓa yin ƙiftawar ido biyu a talabijin ba.

Tare suka zo garin da Qiu Baolin, ɗan ƙauyensu, wanda Desheng ya girma da shekara huɗu. Desheng ne ya koya masa faɗuwa. Ɗaki ɗaya suka zauna har Desheng ya auri Pang Suying, mai shagon taliya a bayan bargar dawakai.

Desheng ba mai karatu ba ne. Littafi ɗaya ya taɓa gamawa, shi ma don ya karye a ƙugu ne ya yi wata huɗu a kwance. Sunansa Kogin Toka, labarin wata sarauniya da ta yaƙi rundunar mutanen yumɓu da wani boka ya tayar. A ciki akwai wani tsoho mai riƙe mata tuta. A yaƙin ƙarshe, a mashigin kogi, santsi ya kwashe tsohon cikin laka, mutanensu da ke gudu suka tattake shi, ba wanda ya lura sai da yamma da aka tsinci tutar. Layi uku marubucin ya ba shi. Desheng ya haddace su.

"Haka ake mutuwa a yaƙi," yakan gaya wa Suying. "Ba kiɗa, ba bankwana. In aka yi fim ɗin nan, wannan mutuwar tawa ce."

Aka kuwa zo yin fim ɗin. Ya je gwaji, ya ja Baolin don ya raka shi. Daraktan ya dubi Desheng, ya dubi farin gemun Baolin, ya sa shi ya faɗi kalma biyu, ya ji muryar nan tasa mai kauri. Shi ke nan. Baolin, wanda ko bangon littafin bai taɓa buɗewa ba, ya zama Mai Tuta.

Desheng ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Madalla, ƙanena." Ya koma gida ya kasa cin abinci.

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana ɗaukar yaƙin ƙarshe a bakin kogi, motocin ruwa suna feso ruwan sama na ƙarya. Sai ga shi an sauya labarin. Mai Tuta bai zame ba. An ɗaura wa Baolin wayar ƙarfe a baya, aka ja shi ya tashi sama, ya farfasa mutanen yumɓu arba'in da sandar tuta. Mashi ya shige shi ta ciki, amma ya tsaya ya yi wa sarauniya dogon jawabi, sannan ya cika a tsaye, ya jingina da tutar. Desheng kuwa an ba shi matsayin gawa. A gindin ƙafar Baolin aka kwantar da shi, rabin fuskarsa cikin laka, yana jin jawabin nan ana maimaita shi har sau goma sha tara. Idan an tsaya hutu, a lulluɓe Baolin da bargo a miƙa masa shayi, gawawwaki kuma su tashi su nemi inda rana take.

Ranar da aka nuna kashin ƙarshe, shagon Suying ya cika da masu kallo tun kafin faɗuwar rana. Da Baolin ya fara jawabi, wata mata ta ajiye tsinken cin abincinta ta fashe da kuka.

"Kai jama'a!" in ji Desheng. "Mutum da mashi a hanji yake wannan surutu? Su kuma abokan gaba sun tsaya suna jiransa ya gama, saboda ladabi? A littafi fa..."

"Baban yara," Suying ta katse shi, tana zuba awara a mai, "da kai aka rataya a wayar nan, da yanzu kana cewa marubucin ne ya yi kuskure."

Aka kwashe da dariya. Ya fice ya tafi barga.

Washegari ya buɗe shafi a intanet da sunan ƙarya, ya zauna yana latsa waya da yatsa ɗaya. Ya jera abin da littafi ya ce da abin da aka nuna. Ya ce babu rundunar da ke tsallake kogi da sulke mai nauyi haka, babu dokin da ke sukuwa a laka mai kai gwiwa. Ya ƙare da cewa tsohon da ya yi Mai Tuta ko faɗuwa bai iya ba, shi ya sa aka bar shi a tsaye. Kafin kwana uku dubban masoyan littafin sun goyi bayansa. Wasu dubban kuma suka ce jawabin nan shi ne ran fim ɗin. Kowane yabo da aka yi wa Baolin sai da Desheng ya karanta shi, wani ma sau biyu.

Ranar Lahadi da hantsi Baolin ya same shi yana wanke kofaton doki.

"Yaya, wani masani ya ce ban iya faɗuwa ba."

"To? Mutane ba sa rasa abin faɗa."

"Ya kuma ce dokin sarauniya yana ɗingishi da ƙafar baya ta hagu. Mutum biyu suka san wannan, kuma ni ban rubuta ba."

Desheng ya ci gaba da goge kofato. Can ya ce, "Ƙarya na yi? Littafin bai fi ba?"

"Na karanta shi bayan an gama ɗauka. Ya fi." Baolin ya tsuguna kusa da shi. "Amma ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ko da na sani tun farko, ba zan ce a sauya ba. Shekarata hamsin kafin a bar ni in buɗe baki."

Wannan gaskiyar ta fi zagi yi wa Desheng ciwo, domin ya san shi ma abin da zai yi ke nan.

Baolin ya ce an kira shi wani sabon fim a arewa, kuma suna neman mai koya wa mahaya faɗuwa, ya riga ya ba da sunan Desheng. Desheng ya ce zai yi tunani. Suying ce ta haɗa masa kaya kafin ya gama tunanin.

Wata biyar suka yi can. Baolin yana da kujera mai sunansa, Desheng yana tsaye bayan kyamara da bulala a hammata. Suna cin abinci tare, suna dariya, amma idan mutane suka taru neman hoto da Baolin, sai Desheng ya tuna akwai sirdin da bai gyara ba.

Da za su dawo, 'yar Desheng ta bugo waya daga jami'a, ta ce ƙawayenta ba su yarda ta san Kawu Baolin ba, a taimaka a karɓo mata hoto da sa hannunsa. Desheng ya karɓo. Hoton ya yi mako guda a aljihun rigarsa kafin ya kai shi gidan waya.