Takardar da Ta Ce Auta Lafiyarta Ƙalau

Matar Sajan ba ta taɓa kafa ƙusa a bangon gidan da ta zauna ba. A barikin soja aka haife ta, a can ta tashi, a can ta auri soja, kuma tun tana ƙarama mahaifiyarta ta koya mata cewa gidan gwamnati aro ne: ranar fita wani zai zo da takarda ya duba kujeru, ya shafa bango da tafin hannu yana neman rami. Saboda haka hotunanta a jingine suke a kan kabad, agogo a kan firji, kwalayen da ta zo da su kuma ba ta yar da ko ɗaya ba, ta ninke su ta tura ƙarƙashin gado. Sau takwas ta yi ƙaura a shekara goma sha tara na aure. In aka yi wa mijin wata canjin wurin aiki, ita ake kira ta nuna yadda ake naɗe faranti a cikin zannuwa, da yadda ake rubuta lamba a gefe huɗu na kwali. Mijinta ne ya fara kiranta Kwamanda, sunan kuma ya bi ta.

Wannan karon ƙasar waje aka turo su. Sajan yana kula da sito a wani ƙaramin ofishin soja, su kuma aka ba su ɗakuna biyu da falo a hawa na uku na wani bene mai kallon tashar bas. Manyan yaransu biyu suna makarantar kwana a gida. Auta kaɗai suka zo da ita, kuma saboda Auta suka zo.

Da huji a zuciya aka haifi yarinyar. Shekararta takwas yanzu, amma rigar 'yar shekara biyar take sawa. In za ta hau bene, a hawa na biyu take zama ta huta, leɓunanta su yi duhu, ta riƙa kallon takalminta har numfashi ya dawo. Tun tana shekara biyu likita a gida ya ce sai tiyata, ya kuma ce aikin ya fi ƙarfin asibitinsu.

Da sunan Sajan ya fito cikin masu tafiya, an ba shi takardar lafiyar iyali ya cike. Layi na tara yana tambaya ko akwai mai ciwo mai daɗewa a gidan. Kowace matar soja ta san abin da ke bayan wannan layin: wanda ya rubuta akwai, ko dai ya tafi shi kaɗai, ko a ba wani wurinsa. Sajan ya riƙe biro yana kallon matarsa.

Ta ce, "Rubuta babu."

"Kwamanda, rantsuwa ce fa a ƙasan takardar nan."

"Na gani. Can akwai asibitin da zai iya. Rubuta."

Ya rubuta. Ranar gwaji ta goyi Auta har ƙofar likitan bariki, ta sauke ta, ta ɗan shafa mata jambaki a leɓe da ɗan yatsa. Iyali arba'in ne a layi a safiyar. Likita ya ce yarinya ta buɗe baki, ya leƙa, ya buga hatimi.

Shekara uku da suka yi a nan, ba ta taɓa kai Auta wurin likitan rundunarsu ba, ko da mura ce. Ta hannun nas ɗin makaranta ta samu hanyar asibitin yara na cikin gari, bas biyu ake hawa. A kan bencin asibitin ta koyi yaren ƙasar, shi ya sa ta san kalmar jijiya da ta numfashi tun kafin ta san yadda ake cewa albasa. Aka sa Auta a jerin masu jiran aiki. Suka jira shekara biyu da wata huɗu.

Takardu biyu ne suka shigo gidan a mako guda. Ta rundunar ta zo ranar Litinin: wa'adi ya cika, jirgi nan da kwana talatin. Ta asibiti ta zo ranar Alhamis, da ranar tiyata a rubuce. Ta ɗora su gefe da gefe a kan teburin kicin, ta bi kalanda da yatsa. Ranar aikin ta faɗo makonni bakwai bayan tashin jirginsu.

Washegari ta hau bas biyu. Nas ɗin da ke riƙe da jerin, wata dattijuwa mai tabarau da ta san Auta tun zuwansu, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta juyo mata da takardar jerin don ta gani da idonta. Ta ce yaran da ke gaban Auta duk sun fi ta jin jiki, akwai wanda ba ya iya zama sai a kwance. Matar Sajan ta dubi jerin. Ba ta iya cewa a cire ɗan kowa ba.

Da rana Sajan ya dawo cin abinci ya tarar ba a ɗora komai ba.

Ta ce, "Baban Auta, akwai takardar ƙarin wa'adi. Wata shida suke ba wanda iyalinsa ke jinya. Matar Kofur ta ce an taɓa ba wani."

"Akwai. Sai dai da fayil ɗin asibiti ake haɗa ta."

"To ga fayil."

"Buɗe shafin farko."

Ba ta buɗe ba, ta san abin da ke ciki. Da bakinta ta faɗa wa likitocin nan cewa tun yarinya tana shekara biyu aka gano ciwon, don kada su yi kuskure a magani.

Ya ce, "A takardar soja lafiyarta ƙalau, da sa hannuna. Ranar da suka ga shafin nan, ba ƙarin wa'adi za su ba ni ba. Kaki za su karɓe, saura shekara biyu in yi ritaya, kuma a jirgin farko za su sa mu."

"Ka je ka faɗa wa Manjo da baki, ban da takarda. Shi ma uba ne."

Sau biyu Sajan ya shiga ofishin Manjo, shugaban ofishinsu. Karo na farko ya ƙame, ya sara masa, ya ba da rahoton tayoyin da suka rage a sito, ya fito. Karo na biyu ya tarar da baƙi. Shekara ashirin da uku yana amsa umarni, bai taɓa koyon yadda ake roƙon na sama ba. Da ya dawo ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba.

Ta ce, "Ka faɗa?"

"Bakina ya ƙi."

"Mutumin da ke yi wa kurata tsawa har a ji a titi?"

"Wannan daban."

Ta durƙusa ta jawo kwalayen daga ƙarƙashin gado, domin ko me za a yi, motar kaya ranarta ɗaya. Hannunta ya san aikin ba sai ta sa masa ido ba. Ta naɗe faranti, ta cusa safa a cikin kofuna, ta liƙe, ta rubuta lamba a gefe huɗu. Matar Kofur, maƙwabciyarta ta hawa na biyu, ta hau ta taya ta, bakinta bai huta ba.

"Yaya, ke kam kin huta da sanyin ƙasar nan. Labulen falon nan fa, ba na jin zai dace da tagogin gida."

"Tun yaushe kika auna tagogin gidana?"

"Ido ne kawai. Ni dai kada ki wahalar da kanki da ɗaukar nauyi."

"Cire ki tafi da shi, kafin idonki ya faɗa kan tukwanena."

Matar Kofur ta yi dariya ta hau kujera. Da ta sauko da labulen a hannu ta rage murya ta ce, "Maganar yarinyar fa?" Matar Sajan ta ja salatif da ƙarfi a kan kwali. Matar Kofur kuma ta ninke labulenta ta fita a hankali.

Auta ba ta san komai ba. Ta san dai ranar aikinta, domin ita ta zagaye ta da jan fensir a kalanda, kullum da safe kuma tana soke kwana ɗaya. Da ta ga kwalaye sai ta tambaya ko za a kai kaya gida ne su biyo baya in an gama. Uwar ta ce mata ta miƙo almakashi.

Ofishin ƙarami ne, saboda haka Manjo da kansa yake zuwa duba gida kafin a karɓi makulli. Ya zo saura kwana shida, da takardarsa a kan allo, Sajan na biye da shi. A hawa na biyu ya wuce Auta zaune da jakar makaranta a cinya, ya ce mata sannu 'yan mata. Ya duba kujeru da murhu, ya buɗe famfo ya rufe. Ya shafa bangon falo da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ya ce, "Sajan, shekara uku babu ramin ƙusa ko ɗaya? Ya kamata a kawo matan hafsoshi su ɗauki darasi."

Matar soja ba ta sa baki a maganar aiki, wannan ma mahaifiyarta ce ta koya mata. Ta goge hannunta a zani, ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

"Yallaɓai, yarinyar da ka wuce a matakala, ba wasa take yi a wurin ba. Hutawa take. Zuciyarta ce."

Ta faɗa masa duka, a tsaye, ba ta yi kuka ba: layi na tara, jambakin, bas biyun, da makonni bakwai. Ta ce ita ta sa aka rubuta, ba mijinta ba. Sajan ya ƙame a gefen firji yana kallon bango.

Manjo ya daɗe yana duban takardar hannunsa. Sannan ya mayar wa biro murfinsa.

"Uwargida, ban ji abin da kika faɗa ba. In na ji, dole in rubuta. In na rubuta, jibi kuna jirgi, mijinki kuma ba kaki."

"To a bar ni ni da ita, shi ya tafi. Ko a ɗaki ɗaya ne za mu zauna."

"Izinin zamanku a jikin nasa yake. Ranar da ya tashi, ke da ita ba ku da takarda a ƙasar nan, asibitin ma ba zai taɓa ta ba." Ya dubi Sajan. "Da tun farko gaskiya aka rubuta, da ba ku zo ba. Na san wannan. Ban san abin da zan ce miki ba."

Ya sake buɗe biron ya sa hannu a ƙasan takardar gida, inda aka rubuta cewa an karɓi komai ba tare da lahani ba. Da zai sauka ya tsaya a hawa na biyu, amma yarinyar ta riga ta ƙarasa hawowa.

Saura kwana uku ta hau bas biyun karo na ƙarshe, ita kaɗai. Ta gaya wa nas mai tabarau cewa a ba wani yaro ranar aikin. Dattijuwar ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ja layi a kan sunan Auta da rula, ta rubuta wani suna a gefe. Ta ba ta fayil ɗin gaba ɗaya, mai kauri kamar bulo, da maganin wata uku, ta ce in an samu inda za a yi aikin a can, kada a wuce shekara. Matar Sajan ta yi godiya da yaren da ta koya a kan bencinsu. A bas ta rungume fayil ɗin a ƙirji har ta wuce tasharta ba ta sani ba.

Ta dawo ta tarar da Sajan zaune a kan kwali, domin motar kaya ta kwashe sauran. Takardar lafiyar komawa ce a gwiwarsa, irin waccan sak. Ya kai layi na tara ya tsaya.

"Kwamanda, me zan rubuta?"

Ta dubi bangon da ba ta taɓa hudawa ba, fari fes, kamar ba wanda ya zauna a ɗakin.

"In ka rubuta akwai, za su tambaya tun yaushe."

"Za su tambaya."

"To rubuta abin da ka rubuta wancan karon."

Ranar tafiya Auta ta cire kalandar daga jikin firji da kanta ta naɗe. Uwar ta riga ta gaya mata an ɗaga aikin, ba ta ce zuwa yaushe ba, yarinyar kuma ba ta tambaya ba, ta dai daina soke kwanaki. Sajan ya sauka da akwatuna. Matar Sajan ta kulle ƙofa, ta murɗa hannun sau biyu kamar yadda ta saba, ta rataya jakar da fayil ke ciki, ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar.

Auta ta ce, "Bar ni, Umma. Sauka ba ta ba ni wahala."

Ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka a hankali, kalanda a hammata. A hawa na biyu ta ɗan dubi inda take zama, ta wuce. Uwar ta biyo ta a baya, taki ɗaya tsakaninsu, tana sauraron numfashinta.