Kyautar mai gyaran waya

Mahaifiyata ba ta iya rubutu ba, don haka da wani maƙwabcinmu zai zo Umra, sai ta sa aka ɗauki muryarta a katin memori na waya, ya kawo mini Makka. A ciki tana gaishe ni, tana yi mini faɗa wai an ce na rame, ga akuyarta tana kuka daga baya. Ba ta kai azumin da ya biyo baya ba. Katin nan shi kaɗai ya rage mini na muryarta.

A lokacin ina aikin gini, ɗakinmu ɗaya a unguwar Ka'akiyya da 'yan Bangaladash da 'yan Pakistan. In an tashi aiki, kowannensu sai ya miƙe a katifa ya kafa waya a ƙirji. Babu gidan silima a ƙasar, intanet kuma da tsada. Sai su kai kati wani ɗan shago a Misfala a cika musu shi da finafinai da wasannin talabijin na sata. Wasu ma a cikin silima aka ɗauko su, kana cikin kallo kan wani ƙato ya gitta. Ban taɓa ganin laifinsu ba, na san kewar gida ce.

Da gilashin wayata ya fashe, su suka nuna mini shagon. Na bar ta bayan Azahar da katin a ciki, na koma bayan La'asar. Mai shagon, wani siriri da ya rina gemu da lalle, ya miƙo mini ita yana washe baki. Ya ce ya duba katin, babu komai sai wata tsohuwa tana surutu, shi ya sa ya share ya zuba mini sababbin finafinai, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya kawo gyara.

"Hadiyya, sadik," in ji shi. "Duk ɗan Najeriya yana son fim ɗin Indiya."

Wai kyauta! Wa ya roƙe shi? Ɗan Larabcin da na iya ya gudu, na zazzage masa da Hausa har masu wucewa suka tsaya. Ya sa katin a na'urarsa ya yi ta latse-latse, ya ce finafinan sun hau kai, babu abin da zai dawo. Sannan, don ƙarin haushi, ya ce in waɗannan ba su yi mini ba zai canza mini wasu.

Ƙara kuwa wajen wa zan kai? Ni baƙo ne mai zama da izinin aiki, kuma yanzu a hannuna kayan satar suke.

Har yau katin yana cikin jakata, ban kalli ko ɗaya ba, ban kuma iya jefar da shi ba. Kukan akuyar nan ina tuna shi sarai. Yadda Inna take kiran sunana ne ya fara ɓace mini.