Takalmin Ƙanƙara

Shekarar da na ci jarrabawar shiga kolej aka ɗauke ni daga Dumega aka kai ni Dogon Dutsi wajen wana. Shi ne babba a ɗakinmu, ya girme ni sosai, har wasu kan ɗauka shi ya haife ni. Sana'arsa sayar da takalman gwanjo a wata rumfar kwano a bakin kasuwa. Idan ya sayo dila sai ya yanke igiyar mu zauna mu ware, na yara gefe, na mata gefe, waɗanda suka zo ƙafa ɗaya kuma a zuba su a buhu ko Allah zai sa ɗan'uwan ya fito a dila ta gaba.

A cikin irin wannan dilar takalmin ya fito. Baƙi ne, mai dogon wuya har sama da idon sawu, da ramukan igiya jere kamar na soja. Bakinsa da tauri kamar ƙoƙo. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ƙasansa: an kafa masa wata farar roba mai kauri, a jikinta kuma doguwar wuƙar ƙarfe tun daga yatsu har dunduniya. Yaya ya juya shi, ya shafa ƙarfen da babban yatsa, ya ɗora shi a ƙasa ya faɗi gefe.

"To wanga kuma ina aka taka shi?" in ji shi.

Maƙwabtan rumfa suka taru. Wani ya ce na yankan ciyawa ne, wani ya ce na masu hawan itace ne. Wani mahauci ya ce a ba shi ƙarfen kawai. Yaya ya rataye shi a gaban rumfa, ya daɗe a nan yana jan masu kallo, ba wanda ya taya.

Ni kuwa da takalmin roba na zo daga gida, ya tsage an liƙe shi da wuta har ba sauran inda za a liƙa. Da aka buɗe makaranta direkta ya ce duk wanda bai zo da rufaffen takalmi ba kada ya tsaya a layin tuta. Na faɗa wa Yaya ina sa ran zai zaɓo mini ɗaya daga cikin waɗanda ke shimfiɗe a tabarma. Ya dubi tabarmar, ya dubi ƙafata, sannan ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye.

"Waɗannan na tabarma wata uku za su yi maka," ya ce. "Taho mu tahi wajen Baba."

Baba wani tsohon baduku ne da ke zama a gindin itacen bedi bayan tasha, da akwatin katako da guntayen taya a gabansa. Ya karɓi takalmin ya daɗe yana latsa shi. Bai tambayi ko na mene ne ba. Ya zaro shimfiɗar ciki, ya ga kawunan ƙusoshin da suka riƙe robar, ya sa kurfi da guduma ya dinga fitar da su ɗaya bayan ɗaya har wuƙar ta rabu da takalmin. Ya yanko taya daidai tafin, ya huda da basilla, ya ɗinke da zaren cikin taya, ya ƙara da ƙananan ƙusoshi a dunduniya. Da ya gama ya buga ƙafafun biyu da juna, ƙarar ta yi kamar an buga turmi.

"Ƙasan zai ci," ya ce da Yaya. "In ya ci ku maido. Amma saman nan, sai dai yaron ya gaji da shi."

Takalmin ya yi mini yawa. Matar Yaya ta yayyaga wani tsohon zane ta ba ni in naɗe ƙafa kafin in sa. Da na ɗaure igiya na miƙe sai na gane matsalar: wuyan ba ya lanƙwasa ko kaɗan. Idon sawuna ya zama kamar an ɗaure shi da itace. Dole in ɗaga ƙafa gaba ɗaya in ajiye ta gaba ɗaya, kowane taku da ƙararsa. Yaya ya tsaya a ƙofar gida yana kallona ina tafiya, fuskarsa cike da jin daɗi.

Tun kafin in kai layin tuta aka fara dariya. 'Ya'yan ma'aikata ne suka fi yawa a ajinmu, masu fararen takalma da safa, suna Hausa suna haɗawa da Faransanci. Ɗaya daga cikinsu ya biyo bayana yana kwaikwayon tafiyata, kafin a tashi ranar an raɗa mini suna Kofato. Na koyi zuwa da wuri in zauna kafin kowa ya shigo, in tura ƙafafuna can ƙarƙashin tebur. Lokacin hutun safe ba na fita. Da rana ta take takalmin yakan yi zafi kamar tanda, tsumman ya jiƙe sharkaf, ni kaina ina jin warin.

Da a nan abin ya tsaya da na saba. Amma muna da wani malamin labarin ƙasa, saurayi ne sabon zuwa daga Yamai, mai son aikinsa ƙwarai. Wata rana yana yi mana bayanin ƙasashen sanyi, inda ruwan tafki ke daskarewa har mutum ya taka, yana zagayawa tsakanin tebura, sai ya tsaya a kaina. Ya sunkuya.

"Ina ka samu wannan?"

"Wana ya ba ni, Mushe," na ce, don haka muke kiran malami da Faransanci.

"Da ƙarfe a ƙasansa da, ko?"

Na ce e. Sai fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya ce in fito gaban allo. Na fito, ajin ya yi tsit, ba a jin komai sai takuna. Ya sa na ɗora ƙafa a kan kujerarsa, ya shiga nuna wa 'yan aji: wannan takalmin wasa ne a kan ƙanƙara, mutane na sa shi su yi ta sulɓi a kan wuƙar suna kora wani ɗan faifai da sanduna, taurin bakin don kada a fasa musu yatsu ne, taurin wuyan don kada ƙafa ta gurɗe. Ya ce mun yi sa'a, abin da wasu sai a talabijin suke gani ga shi a ajinmu. Sannan ya ce in cire ɗaya a zagaya da shi kowa ya taɓa.

Na tsaya ban motsa ba. Ya sake faɗa, da murmushi. Na durƙusa na kwance igiyar, na zaro ƙafata, tsumman zanen matar Yaya ya biyo ta, jiƙaƙƙe, da furanninsa ja da rawaya, ya warware ya zube a kan siminti. Wata yarinya a layin gaba ta toshe hanci da gefen mayafinta. Ba ta yi don a gani ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Takalmin ya bi hannu-hannu, ana juya shi ana duba tayar, wani ya karanta rubutun da ya rage a jikin tayar da ƙarfi aka fashe da dariya. Ina tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, na rasa inda zan sa idona. Malamin ya lura a makare. Ya tsawata, ya karɓo takalmin da kansa ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Je ka zauna." Na tattara tsumman na koma da shi a hannu.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Amma Dogon Dutsi ba ta da girman da labari zai ɓata, uban wani ɗan ajinmu yana da shago kusa da rumfar Yaya. Yadda labarin ya isa kunnensa daban ne. Da na dawo ya tare ni tun daga zaure.

"Ashe takalminmu na manyan 'yan wasa ne na ƙasar Turawa. An ce mushenku ya tsai da kai gaban kowa ya yi karatu da shi. Mi ya hana ka gaya mini?"

Na ce na manta.

Kwana kaɗan bayan haka, ana cikin hutun safe, wani ya leƙo aji ya ce ana nemana. Na fita na tarar da Yaya a tsakiyar fili, ya sa rigarsa ta Juma'a, riƙe da wani abu a naɗe cikin takardar siminti. Yara sun kewaye shi. Ya ce in kai shi wajen malamin. Muka ratsa filin tare, yana gaba ina biye, yana gaisa da kowa. Da muka isa ya buɗe takardar: wuƙaƙen nan biyu ne da fararen robobinsu, ya goge su da toka har suna ƙyalli.

"Mushe, na ji an ce kun yi karatu da takalmin ƙanena. Ga sauran, don yara su ga abin cikakke."

Malamin ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya sosai, kuma na san har zuciyarsa ya yi. Ya sa aka buga ƙusa a saman allo aka rataye su. Nan suka zauna har ƙarshen shekara, duk wanda ya ɗaga kai zai kwafi darasi sai ya gan su, duk baƙon malamin da ya shigo sai ya tambaya, a nuna masa ni.

Daga nan na sa ido ina jiran takalmin ya mutu. Da damina ta sauka, ruwa ya shiga tsakanin taya da tafin, zaren ya ruɓe, wata ranar ina dawowa ƙasan na dama ya buɗe baki yana faɗa-faɗa. Na iso gida da shi a hannu, ina ƙoƙarin kada murnata ta fito. Yaya ya duba ya ce ba komai, gobe Baba zai gani. Baba ya sa sabuwar taya, wannan karon ta babbar mota, ta fi ta farko nauyi. Igiya ta tsinke, aka sa igiyar gidan sauro. Ramukan igiya biyu suka yage, ya ɗora guntun fata ya huda sababbi. Shimfiɗar ciki ta narke, ya yanko kwali da buhu ya liƙa. Duk zuwa sai ya ƙwanƙwasa bakin da gudumarsa ya ce, "Ka ji? Ko gezau." Yaya ya yi dariya.

Ƙafata ta girma ta cika shi, na daina naɗa tsumma. Sunan Kofato ya bi ni har malamai sabbin zuwa kan ɗauka sunan gidanmu ne. Gaskiya akwai ranakun da ya yi mini rana. In mun je hutu Dumega ni kaɗai ke ratsa ƙarangiya ba na tsayawa cire ƙaya, kuma sau ɗaya na taka kunama a bakin rumbu ban sani ba sai da ƙanwata ta nuna mini. Amma ko a lokacin, in na hango 'yan makarantarmu a tasha, sai in ja wando ƙasa in rufe wuyan.

A shekarar ƙarshe ta kolej ya fara matse ni da gaske, yatsuna suka yi kanta. Na faɗa wa Yaya. Ya durƙusa ya latsa bakin don ya ji inda yatsan ya kai, bai ji komai ba saboda taurin, ya yi dariya ya ce to ya yarda. Ya zaɓo mini wani farin takalmi mai laushi daga tabarma. Ranar da na fara sa shi na ji kamar ba ni da ƙafa, na yi ta tuntuɓe don na saba ɗaga sawu sama. Ba wanda ya lura na sauya. Wata huɗu ya yi ya yage.

Baƙin kuwa Yaya ya aika da shi Dumega. Mahaifinmu ƙaramar ƙafa gare shi, ya gwada ya ce daidai, ya mai da shi na gona, musamman lokacin girbi da macizai ke kwanciya ƙarƙashin dami. Har yau yana wajensa. Baba baduku ya rasu, ɗansa ne ke zama a gindin bedin yanzu, ya fi son gam da ɗinki, mahaifinmu na yawan ƙorafi a kan haka, amma duk da haka can yake aikawa.

Bara na je gida gaisuwa, ina aiki yanzu, da iyalina. Da zan koma mahaifinmu ya fito da takalmin, tayar hagu ta saki, ya ce in biya da shi Dogon Dutsi in ba ɗan badukun nan, in ce masa ɗinki ake so ba gam ba. Saman ya koɗe ya koma ruwan toka, ya sha faci har ba a gane fatar asali, amma bakin na nan da taurinsa. Na nemi baƙar leda na sa shi, na ƙara wata a kai, na ƙulle bakin da kyau. A motar haya yaron mota ya miƙo hannu zai ɗora a sama tare da kaya, na ce a'a. Na riƙe ledar a kan cinyata, wata mata da ke kusa da ni ta tambaya ko abin fashewa ne a ciki. Na ce mata saƙon tsoho ne, na juya ina kallon gonaki har muka shiga gari.