Allon Tagullar da Na Goge

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi 'yarka Raelene ta bugo mini waya ta ce, "Kawu Col, Baba ya tafi." Keith Penhale, maƙwabcina na shekara talatin da ɗaya a Port Adelaide, ka rasu kana da shekara tamanin da biyu, zaune a rumfarka ta bayan gida, shayinka ko hucewa bai yi ba. Zuciyata ta karye, Keith.

Shekara arba'in ka yi kana gyaran lifta, na'urar hawa da sauka, a benayen garin nan. Ba zan manta Kirsimetin da ka tashi daga kan abinci ba, don wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta maƙale a hawa na bakwai, lifta ta lalace. Duk inda aka ce za a rushe tsohuwar masana'anta kuwa, kana bakin ƙofa tun kafin masu rusau su iso, kana roƙon a bar maka allunan jikin lifta. Ka cika rumfar nan da su har rufi. In mutum ya yi kuskuren tambayarka ɗaya, to ya nemi kujera, sai ya ji tarihin lifta tun zamanin da ruwa ke tura ta. Nakan ce maka, "Kai tsohon bola, wa zai gaji wannan tarkace?" Ka ce, "Ba kai ba dai, jahilin teku."

Ashe gaskiya ka faɗa. Lokacin da aka kwantar da kai a asibiti don aikin ƙugu, ka bar mini makulli in ba karenka abinci. Na ga wani ƙaramin allon tagulla na cikin lifta, mai rubutun "mutum takwas kacal", gefensa ɗaya ya yi baƙi ƙirin. Ni da na yi shekara ashirin a sojan ruwa, inda dusasshiyar tagulla abin kunya ce, hannuna ya ƙi zama lafiya. Kwana biyu ina dirza har ya yi fes. Wai ni mai abin kirki!

Ka dawo daga asibiti kana dogara sanda, ka daɗe tsaye a gabansa. Ka ce, "Ya yi kyau, Col. Na gode."

A ranar, a bakin motarta, Raelene ta faɗa mini, tana hawaye. Allon daga liftar wani babban kanti ne, wadda marigayiya matarka Maureen ta yi shekara goma sha tara tana tuƙawa. Hannunta na dama a kan mariƙi, na hagu dafe da allon. Baƙin nan shaidar tafin hannunta ne, kuma shi kake taɓawa kowace safiya tun da ta rasu.

Shekara huɗu ina shigowa da niyyar in roƙe ka gafara, sai mu ɓige da hirar ƙwallo. Wallahi tsoro nake ji. Ban san ko ka yafe ba, kuma da wayar nan ta zo na ce shi ke nan, ba zan taɓa sani ba.

Jiya bayan jana'iza Raelene ta kawo mini allon a naɗe cikin tawul. Gefen nan ya sake dusashewa, yatsu biyar, manya, irin naka. Ashe ba ka daina taɓawa ba ko rana ɗaya. A bayansa ka manna 'yar takarda: "Na Col ne. Jahilin teku, wannan karon ka bar shi haka."

Na bar shi, Keith. Yau da safe na ɗora hannuna.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya haɗa ka da Maureen a gidan hutu. Raelene, ke da yaranki, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni nawa.